Zungura-zunguran Motocin Amurka da Hanyar Haɗejiya

Motocin Amurka masu gudu na bayan yaƙin duniya na biyu sun yi zamaninsu ne daga 1949 zuwa wajen 1974. A cikin waɗannan shekaru 25 manyan kamfanonin birnin Detroit guda uku, wato General Motors da Ford da Chrysler, sun yi ta rige-rigen ƙera mota doguwa mai faɗi, mai injin silinda takwas, wadda ba wanda ya damu da yawan man da take sha. Kaɗan daga cikinsu suka iso Najeriya, kaɗan daga wannan kaɗan ɗin kuma suka hauro Arewa a hannun sarakuna da ministoci da manyan attajirai. A ƙasar Haɗejiya, inda Kafin Hausa take, sun fi zama abin kallo da labari a kan abin hawa, kuma dalilan hakan suna cikin tarihin kuɗi da na hanya da na man fetur.

Asalin abin yana komawa ga Henry Ford, wanda ya fito da motarsa Model T a 1908, ya kuma shimfiɗa tsarin harhaɗa mota a kan layi a 1913, inda kowane ma'aikaci ke tsaye wuri guda aiki na zuwa gabansa. Kafin a daina yin ta a 1927 an ƙera fiye da miliyan 15. A daidai wannan lokaci ƙasar Hausa tana shiga sabon yayi. Turawan Ingila sun ci Haɗejiya da yaƙi a Afrilun 1906, Sarki Muhammadu ya yi shahada. Layin dogo ya iso Kano a 1911, reshen Nguru kuma, wanda ya ratsa ta Malam Madori, an kammala shi a 1930. Malam Madori ta zama ƙofar Haɗejiya ta fitar da gyaɗa da fatu, abin da ya rage shi ne yadda kaya za su bar ƙauyuka su isa tasha. Raƙuma da jakuna ne suka daɗe suna wannan aiki. Motocin farko da aka kawo daga Turai masu nauyi ne, suna farfasa hanyar burji. Ford kuwa ba ta da nauyi, ƙafafunta dogaye ne, gyaranta ba wuya, ga araha. Ta haka motar Amurka ta samu shiga Afirka ta Yamma tun kafin 1920, har wani ɗan kasuwa na Ikko, W. A. Dawodu, ya yi suna da dillancin motocin Amurka irin su Dodge da Reo. Game da wanda ya fara mallakar mota cikin sarakunan Arewa, an fi ambaton Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Wannan dai abin da ake faɗa ne, kuma kusan kowace masarauta tana da nata labarin ranar da mota ta fara shiga gari, dawakai suka firgita, yara suka bi ta da gudu.

A 1932 Ford ya sa injin silinda takwas a motar da mai matsakaicin ƙarfi zai iya saya. Wannan inji shi ne ƙashin bayan duk abin da ya biyo baya. Silindodinsa jere biyu ne, huɗu a dama huɗu a hagu, sun haɗu daga ƙasa kamar baƙin V, shi ya sa ake kiransa V8. A cikin kowace silinda fistin na hawa da sauka, fulogi na kunna haɗin mai da iska, kuma da yake su takwas ne suna karɓa-karɓa, bugun ba ya yankewa. Daga nan ne gurnanin nan mai kauri yake fitowa, wanda duk wanda ya taɓa jin sa a salansa ba ya rikita shi da na ƙaramar mota. Ana auna ƙarfin inji da ƙarfin doki, ma'aunin da Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a kansa. V8 ɗin farko na Ford yana da ƙarfin doki 65.

Yaƙin duniya na biyu ya dakatar da komai. A Fabrairun 1942 masana'antun Detroit suka daina ƙera motocin farar hula, suka koma tankokin yaƙi da jiragen sama da Jeep. Yaƙin ya taɓa Arewa ta fuska biyu. Filayen jirgin sama na Kano da Maiduguri sun zama zango ga jiragen da ake turawa Masar da gabas, dubban samari kuma suka tafi Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Da yawa daga cikinsu sun dawo da sana'ar tuƙi da kanikanci, kuma su ne suka zama direbobin En'e da na 'yan kasuwa a shekarun da suka biyo baya.

Da aka gama yaƙi a 1945, Amurka ta tashi da masana'antunta lafiya lau, mutanenta da kuɗi a aljihu, motocinsu kuma duk sun tsufa. Galan ɗin fetur bai wuce santi 30 ba a yawancin shekarun 1950. Yaƙin ya kuma bar gadon fasahar tace mai mai inganci, wanda ke jure matsi a cikin silinda ba tare da inji ya yi ƙara ba. A 1948 Cadillac ta fito da 'yan fukafukai a bayanta, waɗanda mai zanen General Motors, Harley Earl, da yaransa suka kwaikwayo daga wutsiyar jirgin yaƙi P-38. A 1949 Cadillac da Oldsmobile suka fito da sabon V8 mai bawul a saman inji. Oldsmobile ta ɗauki injin nata mai lita 5 da ƙarfin doki 135 ta sa a jikin mota marar nauyi, ta kira ta Rocket 88. Masana da dama daga nan suke fara lissafin zamanin.

Tseren mota ya ƙara rura wutar. A 1948 Bill France ya kafa ƙungiyar NASCAR a Daytona Beach ta jihar Florida, don sukuwar motocin da aka saya a kanti. Ana cewa masu fasa-ƙwaurin barasa na kudancin Amurka, waɗanda ke ƙara wa injinansu ƙarfi don tsere wa 'yan sanda, su ne tushen wannan wasa. Tabbas wasu direbobin farko sun yi wannan sana'a, amma labarin ya sha gishiri a bakin masu ba da shi. Abin da ke rubuce shi ne Rocket 88 ta mamaye tseren a 1949 da 1950, sannan Hudson Hornet ta karɓe daga 1951 zuwa 1954. Kamfanoni suka lura motar da ta ci tsere ranar Lahadi ita ake layin saya a makon. Chrysler ta fito da injin Hemi mai ƙarfin doki 180 a 1951, ta kai shi 300 a motarta C-300 ta 1955. Chevrolet ta yi Corvette a 1953, guda 300 kacal a shekarar farko, dukkansu farare. Ford ta mayar da martani da Thunderbird a 1955, shekarar da Chevrolet ta fito da ƙaramin V8 ɗinta mai lita 4.3 a cikin Bel Air. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu kan dokar gina manyan tituna masu tsawon mil 41,000, kusan kilomita 66,000, miƙaƙƙu masu faɗi. Mota da hanya suka dace da juna. Impala ta fito a 1958, da sunan wata dabba dangin barewa ta gabashi da kudancin Afirka, Cadillac ta 1959 kuma ta kai tsawon mita 5.7, fukafukanta sun kai ƙugun mutum.

A Najeriya lissafin daban ne. Ingila ta fito daga yaƙi da bashi a wuya da ƙarancin dala, ta kuma ɗaure ƙasashen da ke ƙarƙashinta da dokokin canjin kuɗi. Gyaɗar Kano da ta Haɗejiya tana tafiya ta hannun hukumar sayen amfanin gona, kuɗin da ke dawowa fam ne, kuma sayen kaya da dala sai da lasisi. A Satumban 1949, shekarar da Rocket 88 ta fito, aka karya darajar fam daga dala 4.03 zuwa 2.80, duk abin da aka ƙera a Amurka ya yi tsalle a farashi dare ɗaya. Kasuwa ta koma hannun Morris da Austin da Bedford da Land Rover. Ga kuma matsalar hannu: Najeriya tana tuƙi a hagun hanya irin na Ingila, sitiyarin motar Amurka kuma a hagu yake, direba ba ya ganin gabansa idan zai wuce gingimari. General Motors ta rage wannan matsala da ƙera wasu Chevrolet da Pontiac masu sitiyari a dama a masana'antarta ta Oshawa a Kanada, don ƙasashen rainon Ingila. Manyan kamfanonin Turawa ne ke riƙe da dillanci: J. Allen na sayar da Ford, UAC na da Bedford, Leventis na da Mercedes, Mandilas na da Volkswagen, SCOA kuma na da Peugeot.

Duk da haka motocin sun samu masu saye, domin shekarun 1950 sun haifar da sababbin manya. An fara naɗa ministoci 'yan ƙasa a 1952, Jihar Arewa ta samu mulkin kai a Maris na 1959, ƙasa baki ɗaya ta samu 'yanci ranar 1 ga Oktoban 1960. Gwamnati tana ba manyan ma'aikata da 'yan majalisa rancen sayen mota. Chevrolet da Pontiac da Cadillac suka zama alamar wanda ya isa, har marubuci Chinua Achebe, a littafinsa A Man of the People na 1966, ya ɗora ministansa Cif Nanga a cikin Cadillac don mai karatu ya gane irin mutumin tun kafin ya buɗe baki.

Abin lura shi ne a Arewa girma aka saya a jikin waɗannan motoci, gudun ya zo ne a matsayin gyara. Kujerunsu dogaye ne kamar benci, mutum uku na zama a gaba uku a baya, giya tana jikin sitiyari don kada ta tsare ƙafa. Basarake da babbar riga da alkyabba da rawani mai kunne biyu yana shiga ba tare da ya naɗe jiki ba, abin da ba ya yiwuwa a Morris Minor. Bamba da gaban mota suna ƙyalli kamar azurfa, but yana cin akwatuna da shimfiɗu da buta. Sannan mai sarauta ba ya gaggawa. Injin da aka ƙera don ya share mil ɗari a awa sai ga shi yana tafiyar hawainiya tsakanin dogarai da maroƙa da 'yan kallo, lagireto na tafasa saboda zafin rana da rashin iska. Kalmar da ta zauna a bakin mutane, zungureriya, tsawo take nufi, ba ta ce komai game da sauri ba.

Ƙasar Haɗejiya kuwa ita ce irin wurin da aka fi ganin iyakar wannan mota. Kogin Haɗejiya da ya baro ƙasar Kano yana shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya rarrabu rassa, ɗaya daga cikinsu ma sunansa Kogin Kafin Hausa. Tsakanin rassan akwai jigayi na rairayi, a ƙasansu kuma fadamu masu baƙar laka. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974, ambaliya kan shafe fadamun nan duk damina, wasu garuruwa sai da jirgin fito ake isa gare su. Da rani laka ta bushe ta tsattsage, rairayi ya yi laushi. Manyan motocin gyaɗa kan haƙa kwari biyu da tayoyinsu su bar tudu a tsakiya. Mota mai nauyin kusan tan biyu, wadda cikinta ke kusa da ƙasa, bayanta kuma ya zarce tayoyi da fiye da mita guda, idan ta hau irin wannan hanya sai ta zauna a kan tudun, tayoyin na juyawa a banza, salansa ta tsinke. A nan sai a kira mutanen ƙauye da fartanya da karan dawa a shimfiɗa ƙarƙashin taya. Idan batir ya mutu kuma mai giya otomatik ce, turin hannu ba ya tayar da ita. Kafireto mai maƙogwaro huɗu ba ya shiri da ƙura, kayan gyara sai Kano, wani lokaci sai an aika Ikko a jira jirgin ruwa. Man ma a garwa da duro yake zuwa, domin matatar farko ta Najeriya, ta Fatakwal, sai 1965 ta fara aiki. Saboda haka a zamanin Sarkin Haɗejiya Haruna, wanda sarautarsa daga 1950 zuwa 1984 ta rufe kusan duk wannan zamani, rangadin hakimai da jami'an En'e zuwa irin su Auyo da Kafin Hausa da Bulangu aikin Land Rover ne da doki. Zungureriya ta kwalta ce da ranar taro.

Ƙololuwar gudun a Amurka ta zo ne daga 1964. Yaran da aka haifa bayan yaƙi sun isa tuƙi, kamfanoni suka juya gare su. A Pontiac, John DeLorean da abokan aikinsa suka zagaye dokar kamfaninsu da ta hana sa babban inji a matsakaiciyar mota, suka cusa mai lita 6.4 da ƙarfin doki 325 a jikin Tempest suka kira ta GTO. An yi zaton sayar da 5,000, aka sayar da fiye da 32,000 a shekarar farko. Ranar 17 ga Afrilun 1964 Ford, ƙarƙashin jagorancin Lee Iacocca, ta nuna Mustang a bajekolin duniya na New York a kan dala 2,368, kafin shekara ta zagayo an sayi fiye da 400,000. Tambarinta doki ne a guje. Wasu na cewa daga jirgin yaƙi P-51 aka ɗauko sunan, wasu na cewa daga dawakan jeji na yammacin Amurka, kuma waɗanda suka yi aikin ma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Dodge Charger ta biyo a 1966, sai Chevrolet Camaro, sai Plymouth Road Runner a 1968. Injin Hemi mai lita 7 an rubuta masa ƙarfin doki 425, ko da yake ana raɗe-raɗin kamfanin ya rage adadin da gangan don kada masu inshora su tsorata. A Maris na 1970 Buddy Baker ya haura mil 200 a awa, kimanin kilomita 322, da Charger Daytona a filin Talladega. A shekarar ce kuma Chevelle mai lita 7.4 ta fito da ƙarfin doki 450. Amurkawa suna kiran wannan jinsi da sunan da ke nufin motoci masu ƙwanji.

Waɗannan na ƙarshe kusan ba su taka ƙasar Hausa ba. Ƙofa biyu gare su, kujerar baya matsattsiya, ba su dace da mai iyali ko mai rawani ba. Lokacin ma bai ba da dama ba: juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 ya kawar da ajin 'yan siyasar da ke sayen manyan motoci, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma ya sa aka taƙaita shigo da kayan alatu. Yawancin 'yan Arewa da suka san su a majigin silima suka gan su, a gidaje irin su Rex ta Kano da aka buɗe a 1937 da Palace ta 1952. Wanda ya je birni ya kallo sai ya dawo gida da labari, labarin kuma ya ƙara tsawo a hanya.

Faɗuwarsu ta taru ne daga wurare da yawa. A 1965 lauya Ralph Nader ya wallafa littafin Unsafe at Any Speed yana zargin kamfanoni da fifita ado a kan ran mutane, a lokacin da mace-macen hanya a Amurka ke kusantar 50,000 a shekara. Dokar kiyaye lafiyar masu mota ta biyo a 1966. Kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi a kan saurayi mai babban inji. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi da komawa man da ba dalma, aka rage matsin silinda, ƙarfi ya ragu. An daina Hemi bayan 1971. Sai kuma Oktoban 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai saboda goyon bayanta ga Isra'ila a yaƙin wannan wata. Gangar mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12, layuka suka cika gidajen mai, a Janairun 1974 aka ƙayyade gudu a mil 55 a awa a duk ƙasar. Mustang ta 1974 ta fito ƙarama ba V8, GTO da Barracuda da Challenger kuma a shekarar aka rufe babinsu.

Abin da ya kashe su a can shi ne ya cika titunan Najeriya da motoci. Najeriya ta shiga OPEC a 1971, ba ta cikin masu takunkumin, ta ci gaba da sayar wa Amurka mai a sabon farashi. Ranar 2 ga Afrilun 1972 ƙasar ta koma tuƙi a dama, wato hanya ta dace da sitiyarin Detroit a daidai lokacin da Detroit ke naɗe tabarmarta. Da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka shiga hannun ma'aikata a 1975, motar da ke jiransu ta Faransa ce. Peugeot 404, mai injin lita 1.6, ta riga ta nuna kanta a tseren Safari na gabashin Afirka, inda ta yi nasara a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, a kan laka da burji irin na fadamar Haɗejiya. A 1975 masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara aiki, ana kwaso sassan mota ta jirgin sama daga Lyon zuwa Kano. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad ranar 13 ga Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗora manyan jami'anta a kan 504. Fijo ta zama motar gwamna da ta malamin makaranta da ta haya, a-kori-kura kuma ta zama jakar kasuwannin ƙauye daga Gujungu zuwa Kafin Hausa. Mai neman girma ya koma Marsandi. Tsofaffin zungura-zunguran da suka rage sun ƙare a bayan garejoji, maƙera suka yanyanka jikinsu suka yi murhu da kwanon tuya da mangala.

A Amurka waɗanda suka tsira sun zama kayan tarihi masu tsada. Koriyar Mustang da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt na 1968 an yi gwanjonta a Florida a Janairun 2020 a kan dala miliyan 3.74. Motar Amurka kuwa ta sake dawowa ƙasar Haɗejiya, wadda ta koma cikin Jihar Jigawa ranar 27 ga Agustan 1991, amma ta wata ƙofa. Honda ta fara ƙera Accord a Marysville ta jihar Ohio a 1982, Toyota kuma ta fara Camry a Georgetown ta jihar Kentucky a 1988. Waɗannan ne ake lodowa bayan sun sha aiki, su sauka a Ikko ko Kwatano, dillalan Kano su kai su har ƙauyuka, agogonsu na nuna mil maimakon kilomita. Camry ta 2007 zuwa 2011 'yan kasuwar mota suna kiranta Masul, kalmar nan ta ƙwanji da Amurkawa suka laƙaba wa GTO da Charger. Yawancin waɗanda ke bin hanyar Haɗejiya zuwa Kafin Hausa a yau silinda huɗu gare su.